Shafin Farko da Wasiƙar Baba Yunana

Har gobe ba zan manta da Juma'ar da Baba Yunana ya shigo ofishina, laimarsa tana ɗigar ruwa, ya ajiye mini farar ambulan a kan tebur ba. Ku da kuka fara aiki a ofishin rajista kwanan nan ba ku same shi ba. Shi ne malamin tarihi mafi daɗewa a makarantar nan tun tana kwalejin horar da malamai ta ikilisiyarmu, kuma shi ya koyar da ni a ajin can da aka mayar ɗakin kwamfuta. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Abin da ke cikin ambulan ɗin takardar ajiye aiki ce, kuma ni na jawo ta da birona.

Bari in koma baya kaɗan. A lokacin ina Mataimakin Rajistara mai kula da harkokin kansul, wato majalisar da ke mulkin makaranta, ita ke ɗaukar manyan ma'aikata ita ke sallama. Rajistara, Madam Rifkatu, ita ce sakatariyar kansul. Ni kuwa a bayanta nake zama ina rubuta abin da aka tattauna, kuma a ƙa'ida ba ni da baki a wurin, ko tari zan yi sai na fita waje. Muna tsakiyar fafutukar mayar da kwalejin jami'a. Masu duba makarantu sun zo sun zagaya, suka ce malamanmu masu digirin dakta sun yi kaɗan. Tun daga ranar kowa yake tafiya da sauri a baranda ba tare da ya san inda za shi ba.

Ana cikin haka Ciyaman na kansul, wani Rabaran mai zafin nama, ya tafi Turkiyya kwas na sati biyu da aka shirya wa shugabannin jami'o'i. Ya dawo da kwalin alewa da jaka cike da takardu, Turkiyya kuwa ta zauna masa a baki. Ka gaishe shi, Turkiyya. Ka ce famfo ya lalace, Turkiyya. Ya kira ni ofishinsa, ko zama bai bari na yi ba.

"Ishaya, ka san abin da mutanen nan suka yi? Yau suka rufe tsohuwar makarantarsu, washegari suka buɗe jami'a sabuwa fil. Wanda ya cancanta aka ɗauke shi, wanda bai cancanta ba ya tafi gida. Ka je ka karanta tarihin duka, ka rubuta wa kansul takarda. Na ba ka sati uku."

Na ce, "To, Baba Ciyaman."

Gaskiya na ji daɗin aikin nan. Shekara da shekaru ba abin da nake karantawa sai memo da takardun neman hutu, ga shi an ce in koma tarihi. Na kwashe takardun jakar, na riƙa tsayawa a gindin tankin ruwa da kwamfuta a hannu, don nan kaɗai netwok ke kamawa, har leburori suka fara ce mini mai gadin tanki. Na bi labarin tun daga makarantun addini na zamanin daular Usmaniyya, zuwa yadda suka yi ta buɗe babbar makarantar zamani a Santambul tana rufewa ana sake buɗewa. Na zo kan abin da ya burge Ciyaman, gyaran shekarar 1933. Haka ne, an rufe an buɗe, malamai da yawa ba a sake ɗaukarsu ba.

Amma da na ƙara tonawa sai na ga abin da ba a faɗa masa a kwas ba, ko an faɗa yana gyangyaɗi. Turkiyya ta yi dace ne da manyan farfesoshin da suka gudo daga Jamus saboda tsanantawar gwamnatin lokacin, su suka cike kujerun. Kuma masu tarihi da dama sun nuna cewa cikin waɗanda aka sallama akwai ƙwararru, siyasa ce ta ci su. Daga baya, a 1960, sojoji suka sake korar malamai fiye da ɗari, ba a jima ba aka yi doka aka dawo da su. Duk wannan na rubuta shi dalla-dalla a shafi na goma sha bakwai, har na ƙara da tambaya: idan muka sallami namu, wane farfesa ne ke kan hanyar zuwa mana nan Kafanchan da akwatinsa?

Na kai wa Madam Rifkatu shafi talatin da biyu ina ji da kaina. Ta ɗaga takardar ta auna nauyinta a tafin hannu.

"Ishaya, wa kake so ya karanta wannan? Ka manta mutanenka ne? Je ka yi mini shafin farko."

To, ga inda maganar take. A aikinmu, duk takardar da za ta je kansul ana ɗora mata taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya a sama, a raba wa membobi kwana bakwai kafin zama. Membobinmu fastoci ne, da tsohon babban sakatare, da ɗan kasuwa, da shugabar zumuntar mata. Mutanen kirki ne, amma ambulan ɗin a mota suke buɗe ta a hanyar zuwa taro, wani daga Zonkwa wani daga Godogodo. Shafin farko suke karantawa, a kansa suke ɗaga hannu. Duk ɗan rajista ya san haka, ni ma na sani.

Sati uku na yi a kan takardar, shafin farko kuwa ko awa ɗaya bai ci ba. Na san abin da Ciyaman yake so ya ji, na kuma san wa'adin Madam ya kusa ƙarewa, idona yana kan kujerarta. Ba zan ɓoye muku ba. Na rubuta cewa Turkiyya ta ci gaba ne saboda ta yi ƙarfin halin rabuwa da malaman da zamani ya wuce su. Na rufe da shawarar a rushe kwalejin a takarda, a sake ɗaukar malamai bisa ma'aunin jami'a. Maganar Jamusawa da siyasa da dawo da waɗanda aka kora na bar su can ciki. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, mai so ya buɗe ya gani. Malamai takwas abin zai shafa. Lambar kawai na rubuta, na hana kaina tuna sunayen.

Ranar Alhamis aka raba takardu. Wakilin malamai a kansul ya kai tasa ɗakin malamai, ta zagaya hannu hannu. Washegari Juma'a sai ga Baba Yunana.

Na miƙe da sauri. "Baba, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Bar shi, ba zama na zo yi ba. Ka karɓa ka buga hatimi."

Na buɗe na karanta, layi huɗu ne kacal. Na ce, "Baba, ai kansul bai zauna ba tukuna. Shawara ce kawai."

"Shawarar wa?"

Harufan sunana suna nan a ƙasan shafin, ya gan su.

Ya ce, "Ba zan tsaya a kira sunana a ce zamani ya wuce ni ba. Gara in fita da ƙafana. Ka gai da Saratu." Ya ɗauki laimarsa ya fita. Saratu matata ce, shi ya tsaya mana a matsayin uba ranar aurenmu.

Ƙa'idar wasiƙa kun san ta. Duk wadda ta shigo rajista, a ranar ake buga mata hatimin karɓa mai kwanan wata, a shigar da ita littafi. Idan ta ajiye aiki ce, da zarar hatimi ya hau ta zama ta makaranta, ba a janyewa. Na ɗauko hatimin, na gyara kwanan wata, na danna shi a tawada. Hannuna ya ƙi sauka. Na jawo durowar ƙasa, na tura wasiƙar ƙarƙashin tsofaffin fayil, na kulle, na sa makullin a aljihu. A duk shekarun aikina ban taɓa kwanar da wasiƙa ba sai ranar.

Kwana shida ta yi a durowar nan kafin kansul ya zauna, ni kuma kwana shida ban san inda zan sa kaina ba. In zauna in tashi, in fita baranda in dawo, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce Madam ce ta zo duba littafin wasiƙu. Ranar Lahadi a sujada ana karatu ina laluba makulli a aljihu. Saratu ta zuba mini tuwo da miyar karkashi, na tsakura na ture.

Ta ce, "Baban Grace, wai me ke cin ka?"

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwashe kwanukan ta ce, "Mutumin da ya tsaya mana a coci."

Ranar Litinin na je wurin Madam na ce ina so a canza shafin farko. Ta ce takardar da aka riga aka raba ba a taɓa ta, ni ma na sani. Ranar Talata na kai har ƙofar Ciyaman, na ji muryarsa a waya yana ba wani labarin Santambul, na juyo. Na buga wa Baba Yunana waya sau uku bai ɗauka ba. Ina hango shi ta taga yana shiga aji da allinsa kamar kullum, yana cika notis ɗin wata ɗaya da yake zaton ya fara ƙirguwa. Haushin kaina ya ishe ni, har na yi wa mai taifin tsawa a kan waƙafi ɗaya, na dawo na ba ta haƙuri.

Ranar Laraba na zauna da littafin dokokin kansul ina juya shi ba don komai ba, sai don hannuna ya sami abin yi. A nan na ci karo da wani sashe da ban taɓa ganin an yi amfani da shi ba. Idan akwai kuskure a takarda, wanda ya rubuta ta yana iya neman izini ta hannun Rajistara ya gyara kafin a fara muhawara. An yi shi ne don lamba ko kwanan wata. Na karanta shi ya fi sau goma.

Alhamis da ƙarfe goma aka zauna. Aka buɗe da addu'a, aka karanta rahoton zaman baya, aka bi ajanda har abu na biyar. Na yage 'yar takarda na rubuta, "Ma, akwai kuskure a takardar, ina roƙon izinin gyara," na miƙa ta gefen kujerar Madam. Ta karanta, ta waiwayo ta harare ni, ta ninke ta ta ajiye. Ciyaman ya fara gabatarwa, yana yabon aikin da Ishaya ya yi. Na taɓa bayan kujerarta da biro. Ta ja dogon numfashi.

"Ranka ya daɗe, marubucin takardar yana neman izinin gyara kuskure."

Ciyaman ya leƙo ta saman tabarau. "Na taifin ne? Yi sauri."

Na miƙe. Na ce, "Ba na taifin ba ne, Baba Ciyaman. Shafin farko bai faɗi abin da takardar ta faɗa ba. Ni na rubuta duka biyun. Ina roƙon a buɗe shafi na goma sha bakwai."

Kowa ya shiga buɗe takardarsa. Wasu shafukansu a manne suke tun daga injin hoto, sai da suka lashi yatsa. Na karanta shafin daga sama har ƙasa, har tambayar farfesa da akwatinsa. Na ce Turkiyya ta sami waɗanda za su maye gurbi, mu ba mu da su, kuma ko can ɗin ba kowa aka sallama don rashin iyawa ba.

Fuskar Ciyaman ta canza. "Wannan gyara ne ko wa'azi? Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Na ga abin da kake so ne, Baba, na rubuta shi."

Ban san inda na sami bakin faɗin haka ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Mama shugabar zumuntar mata ta ɗaga hannu. Tsohuwar hedimistires ce, ba ta cika magana a kansul ba.

Ta ce, "Ni ban je Turkiyya ba. Amma an ce mutum takwas. Su wane ne? A karanta mana sunayensu."

Madam ta buɗe fayil ta karanta, ɗaya bayan ɗaya. A suna na uku wani fasto ya ce a hankali, "Shi ya koya mini Turanci." Da aka zo kan Baba Yunana, tsohon babban sakataren nan ya cire tabaransa ya ajiye. Aka yi awa biyu ana ja, har abincin rana ya huce. A ƙarshe kansul ya yanke cewa duk takwas ɗin za su zauna har ritayarsu, su riƙe azuzuwan share fage da na difloma, a kuma nemo matasa masu digirin dakta a haɗa su aiki tare. Ciyaman bai ji daɗi ba, amma ya sa hannu, kuma in faɗi gaskiya bai taɓa komawa kan maganar ba.

Bayan an tashi na bi Madam ofis na gaya mata zancen wasiƙar. Ta dafe kai. Kafin ƙarfe huɗu kwiri biyu, wato takardun tuhuma, suna kan teburina, ɗaya na ɓatar da kansul da taƙaitawa, ɗaya na riƙe wasiƙa. Na amsa su ban yi musu ba. Ta ce tunda ba hatimi, idan mai ita ya karɓi abarsa kafin Litinin, ita ba ta ga komai ba.

Asabar da safe na hau mashin na nufi Fadan Kagoma, garin su Baba Yunana, wasiƙar tana cikin leda a ƙirjina saboda yayyafi. A hanya har waƙar yabo nake yi. A gona na same shi, yana cire ciyawa a cikin cittarsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Muka gaisa, ya tambayi Saratu da yara. Na ba shi labarin kansul ina haɗa kalma da kalma don ɗoki, na miƙa masa ambulan da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya goge hannunsa a wando, ya zauna a kan kunya, ya nuna mini wuri kusa da shi.

"Na ji abin da ka yi, an gaya mini tun Alhamis. Ka kyauta wa mutum bakwai, Ubangiji ya sa maka albarka." Sannan ya ce, "Ishaya, a makarantar nan ni kaɗai na karanta takardarka duka kafin zaman. Shafi talatin da biyu. Aiki ne mai kyau, na ji daɗi na ce yarona ne. Da ban ga shafi na sha bakwai ba, da na ce ba ka sani ba ne, in yafe maka a wurin. Amma ka sani. Ka san gaskiyar, ka kuma san inda za ka ajiye ta don kada ta dami kowa."

Na ce, "Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini, ka dawo."

"Yafewa na yafe. Amma yaran ajina sun karanta shafin nan a waya. Ranar Talata ina rubutu a allo na ji wani a baya ya ce zamani, aka yi dariya. Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa yi mini dariya a aji ba. Kansul ba zai iya janye wannan ba."

Na roƙe shi har na durƙusa a cikin laka. Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce in daina, mutane na wucewa. Ya shiga bukkar gona ya ɗebo busasshiyar cittar bara a leda ya ce in kai wa Saratu. Da na tayar da mashin ya ɗaga murya kaɗan.

"Litinin ka buga hatimin. Kuma kada ka sake kwanar da wasiƙar mutum, ba haka aka koya maka ba."

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na buga. Na shigar da ita littafi da hannuna, na rubuta a gefe ranar da ta iso da ranar da aka karɓa, na sa hannu. Ya cika notis ɗinsa, ya ƙi bikin sallama, ya koma gona. Kujerar Rajistara wani aka ba, ban kuma yi mamaki ba. Sauran bakwai ɗin duk sun kai ritayarsu a nan, biyu daga cikin daktocin da kuke gani yanzu a ƙarƙashinsu suka koyi tsayuwa a gaban aji.

Shi ya sa idan ɗayanku ya kawo mini takardar kansul nake ture ta gefe in ce a ba ni shafin farko, ku kuma ku fita kuna cewa tsohon nan ya cika fitina. Mu 'yan rajista ba mu da ƙuri'a, ba mu da baki a taro, sai mu ɗauka ba mu da laifi a abin da aka yanke. Alhali abin da muka ɗora a sama shi manya ke gani, abin da muka tura ciki kuwa kamar ba a rubuta ba. Idan shawara za ta taɓa aikin mutum, ku sa abin da ke adawa da ita a shafin farko, ku kuma rubuta sunayen mutanen a gabanku kafin ku mayar da su lamba. Ina zuwa Fadan Kagoma duk Kirsimeti, Baba yana karɓata da fara'a, muna cin abinci a kwano ɗaya. Yana tambayata Saratu, da yara, da farashin taki. Bai taɓa tambayata makaranta ba.